Karatun ɗaukar hoton asibiti da gashin ciwon daji: ƙaramar jami'a ta isa?

Malam Habibu (Asawase):
Assalamu alaikum jama'a. Sakamakon WASSCE, jarrabawar kammala sakandare, ya fito a nan Gana, kuma tambaya ɗaya ce take ta zuwa daga iyaye a zango. Yaro ya yi kimiyya, makinsa bai kai na likitanci a Tek (KNUST ta Kumasi) ko Legon (Jami'ar Gana) ba, sai a ce masa ga wata ƙaramar jami'a tana koyar da ɗaukar hoton asibiti, wasu har da gashin ciwon daji, wato maganinsa da haske mai ƙarfi irin na eksire, suke tallatawa. A biya ko a dakata? Muna da masu wannan aiki a nan. Don Allah a warware mana yadda uba zai karanta ya san abin da zai tambaya kafin ya saki kuɗinsa.

Hajiya Rabi (Tafo):
Wa alaikumus salam Malam. Kafin a kalli gini ko kuɗin makaranta, takarda biyu za a nema. Ta farko daga GTEC, hukumar da ke kula da manyan makarantu tun 2020. A lura, amincewa da makaranta daban, amincewa da kwas daban. Jami'a tana iya samun izinin koyar da kasuwanci da aikin jinya, amma kwas ɗin hoto ba shi da nasa. Kuma izinin yana da wa'adi, a duba ranar da zai ƙare. Ta biyu daga AHPC, majalisar da dokar 857 ta 2013 ta kafa, wadda ita ce take yi wa mai ɗaukar hoto rajista ta ba shi lasisi. Bayan shekara 4 na digiri akwai shekarar horo a asibiti, akwai jarrabawar lasisi. Idan majalisar ba ta san kwas ɗin ba, yaro ba zai zauna jarrabawar ba, kuma babu asibitin kirki da zai ɗauke shi. Kada a yarda da "muna kan nema". A je shafin hukumomin a ga sunan da ido.

Sannan a gane layi biyu ne. Akwai na gano cuta: eksire, CT, MRI, hoton nono, sikanin. Akwai na magani, wato gashi. Farkon karatu ɗaya ne, sassan jiki da fiziks da kula da majinyaci, daga baya kowa ya kama hanyarsa.

Alhaji Tanko (Aboabo):
Hajiya, na yarda da maganar takardu. Amma kada mu raina ƙaramar makaranta don ƙanƙantarta. Wannan aiki na hannu ne. Ajin mutum 20 da inji ɗaya ya fi ajin mutum 90 da inji biyu, don kowane yaro zai taɓa bututun da ke fitar da hasken, ya jera ɗan'uwansa, malami ya gyara masa kafaɗa. A babban aji wasu daga bayan ƙeya suke kallo har su gama.

Bashiru (Sabon Zango):
Baba Alhaji, a layin hoto maganarka tana kan hanya, in dai makarantar tana da asibitin da take tura yara. A layin gashi kuwa ba ta tsaya ba, kuma ga dalili. Injin eksire yana nan a asibitocin gunduma da yawa. Injin gashi a Gana wurare ƙalilan ne ke da shi: cibiyar Korle Bu da ta fara a 1997, asibitin Komfo Anokye namu na Kumasi, wanda muke kira Gee, da ya fara a 2004, sai cibiyar Sweden Ghana mai zaman kanta a Akra. Ɗakin injin kaɗai bangonsa kankare ne mai kauri fiye da mita ɗaya, a inda hasken ke fuskanta ya kan kai mita 2. Ƙaramar jami'a ba ta gina wannan. To idan ta ce tana koyar da gashi, tambayar ita ce a wace cibiya ɗalibanta suke tsayawa, mako nawa a shekara, mutum nawa a kan inji ɗaya, kuma a nuna yarjejeniyar a rubuce. In ba su da amsa, allo kawai suke sayarwa. Jami'ar Gana tana da sashen wannan karatu a Korle Bu, kusa da injin, shi ya sa nata ya zauna.

Sakina (Sawaba):
Yaya Bashiru, to me ɗalibin gashi yake koya a ɗakin da ba zai iya koya a littafi ba? Iyaye suna ɗauka danna maɓalli ne kawai.

Bashiru (Sabon Zango):
Ƙanwata, danna maɓalli shi ne abu na ƙarshe kuma mafi sauƙi. Aikin shi ne a kwantar da mutum yau daidai yadda aka kwantar da shi ranar awo, a maimaita haka sau 25 ko 30, kuskure bai wuce 'yan milimita ba.

Ga yadda yake tafiya. Ranar farko ana yi wa majinyaci CT na tsarawa a kan shimfiɗaɗɗen gado irin na injin. Idan ciwon a kai ko wuya yake, ana jiƙa wata roba mai raga a ruwa mai zafin kusan digiri 70 har ta yi laushi, a tsane ta, a ɗora a fuska a matse ta bi hanci da haɓa, a bar ta ta sandare kamar minti 10. Wannan ce za ta riƙe kansa kullum. Idan nono ne, akwai allo mai gangare da wurin ɗaga hannu, ana rubuta lambar kowane maƙali. Sai a yi alama a fata inda layukan lesa suka haɗu. Likitan daji ya zana ƙarin da sassan da za a kare, masanin fiziks ya tsara yadda hasken zai shiga, a sake dubawa, sannan ranar fara magani a ɗauki hoto a kan injin a gwada da na tsari kafin a kunna.

Awon hasken magani sunansa Gy. Abin da aka saba shi ne Gy 2 a rana, kwana 5 a mako. Nono ana ba shi Gy 50 a zama 25, ko Gy 40 a zama 15. Bakin mahaifa Gy 45 zuwa 50 daga waje, sai a ƙara na ciki, kuma ana so a gama duka cikin mako 8, don in an ja lokaci ƙarin yana sake tofowa tsakanin zama da zama. Ciwon da ya shiga ƙashi ana iya ba shi Gy 8 sau ɗaya don rage zafi.

Abin da ke lalacewa kuwa, ido ne ke kama shi. Mai ciwon maƙogwaro ya kasa cin abinci ya rame a mako na uku, robar ta yi masa yawa, kai yana motsi a ciki, dole a kira likita a sake awo. Mace ta goge alamar da soso wajen wanka. An tsara mutum da mafitsara cike, yau ya zo babu komai a ciki, hanji ya gangaro cikin hasken, zawo ya biyo baya. Wannan na ƙarshe yana yawa da azumi, don ana cewa mutum ya yi fitsari ya sha ruwa gwargwadon da aka ƙayyade masa ya jira, shi kuma ya ji kunyar cewa yana azumi. Ma'aikaci mai jin Hausa zai tambaye shi kai tsaye, ya tura shi ya yi magana da likita da malaminsa. Sai kuma sunaye irin namu da ke yawan haɗuwa, mutum biyu suna ɗaya uba ɗaya a layi ɗaya. Shi ya sa ake tambayar suna da ranar haihuwa da lambar kati, kuma mutum biyu ne ke tsayawa kan inji, ɗaya ya karanta ɗaya ya tabbatar. Hasken da ya shiga jiki ba a janye shi.

Malam Usmanu (Moshi Zango):
In ƙara kan na Bashiru ta gefen lissafi, don nan ne yaranmu suka fi faɗuwa. Wanda ya tsallake fiziks da kyar a sakandare ya shirya, don ba a kauce masa.

Injin gashi iri biyu ne. Na kobal 60 yana da ɗan ƙaramin ƙarfe a kansa mai fitar da haske dare da rana, ba a kashe shi, sai dai a mayar da shi cikin maɓoyarsa. Ƙarfinsa yana raguwa da rabi duk shekara 5.27, wato kusan kashi 1 cikin 100 kowane wata. Maganin da ke ɗaukar minti 2 lokacin da ƙarfen yake sabo zai ɗauki minti 4 bayan shekara biyar da 'yan watanni. Don haka ana sabunta jadawalin lokaci wata-wata. Wanda ya yi aiki da tsohon jadawali ya rage wa majinyaci magani bai sani ba. Na biyu linak, shi da lantarki yake haifar da hasken, an kashe ya mutu. Ya fi kaifin gefe, ya fi shiga zurfi, ya fi tausaya wa fata: a kobal hasken yana kai ƙololuwa a rabin santimita ƙarƙashin fata, a linak mai ƙarfin 6 MV a santimita 1.5. Amma yana son tsayayyiyar wuta da ruwan sanyaya shi, dumso, wato ɗauke-ɗauken wuta, ba ta yi masa daɗi ko kaɗan. Kowace safiya kafin majinyaci na farko ana auna abin da yake fitarwa, in ya kauce da fiye da kashi 3 cikin 100 a kira masanin fiziks, a duba lesa kada ta goce fiye da milimita 2, a gwada makullin ƙofa da na'urar magana. Ɗalibin da bai taɓa tsayawa wannan awon safe ba bai koyi gashi ba.

Alhaji Tanko (Aboabo):
Na ji, na janye a kan gashi. Amma a kan hoto ina nan a kan bakana. Hajiya Rabi, faɗa musu abin da ake nufi da aikin hannu.

Hajiya Rabi (Tafo):
To Alhaji, mu ɗauki hoton ƙirji, don shi ne aka fi yi kuma shi ne aka fi ɓatawa. Mutum yana tsaye, ƙirjinsa manne da allo, bututun yana bayansa nisan santimita 180. Dalilin nisan da juya bayan shi ne kada zuciya ta kumbura a hoto. In aka ɗauka ta gaba a kan gado, zuciya tana fitowa da girma, likita ya zaci ciwo, shi ya sa dole a rubuta a jikin hoton yadda aka ɗauka. Haɓa sama, bayan hannuwa a kan ƙugu, a tura gwiwar hannu gaba don allon kafaɗa ya fita daga kan huhu. Ana ba da kV, wato ƙarfin ratsawar hasken, mai yawa, 110 zuwa 125, da mAs, wato yawan hasken, kaɗan, don lokaci ya gajarta motsi bai shiga ba. A ce ya ja numfashi ya riƙe, sannan a danna.

Da hoton ya fito, kafin a sallami mutum, a ƙirga haƙarƙarin baya, a samu 9 ko 10 sama da tantanin da ya raba ƙirji da ciki. In 7 ne bai ja numfashi ba, huhu zai yi fari-fari kamar mai ciwo. A duba kawunan ƙasusuwan wuya biyu na gaba, nisansu da tsakiyar gadon baya ya zama ɗaya, in ba haka ba ya karkace. A ga saman huhu da kusurwoyin ƙasa duka. A ga alamar dama ko hagu, wadda ake ɗorawa kafin ɗauka, ba wadda ake liƙawa a kwamfuta daga baya ba, don nan ne ake juya hoto a yi wa lafiyayyen gefe aiki.

Sai abin da ya shafi mutanenmu. Allurar hijabi, maɓallin rigar nono, sarƙa, laya a ƙarƙashin riga, jigida in hoton ƙugu ne, kitso mai tsawo da ya kwanto a kafaɗa, duk suna fitowa. Laya mai ƙarfe a ciki tana zama tabo fari a kan huhu. Tsohuwa ba za ta gaya wa namiji baƙo tana da jigida ba, sai an ɗauka an gani, a sake, ta sha haske sau biyu. 'Yarmu da za ta ce "Inna, a cire na ƙugun, ga zane" ta rage wannan. Saboda haka ina son 'yan mata su shiga wannan aiki, hoton nono ma galibi mata ake nema.

Anti Ladi (Yalwa):
Hajiya, nan ne matsalar take. Iyaye mata suna cewa hasken yana hana haihuwa, mai neman aure ma sai ya ja baya. A amsa wannan da lamba, ba da lallashi ba.

Malam Usmanu (Moshi Zango):
Anti, ga lambar. Awon abin da jikin ma'aikaci ya sha sunansa mSv. Iyakar ma'aikaci 20 ce a shekara in aka raba a kan shekara 5, kuma kada shekara guda ta wuce 50. Na sauran jama'a 1 ne. A matsakaici ɗan Adam yana shan kusan 2.4 a shekara daga ƙasa da sama da abinci, ko bai taɓa shiga asibiti ba. Mai ɗaukar hoto da ke tsayawa bayan bangon kariya yawanci abin da bajonsa, wato ɗan ma'aunin haske da yake maƙalawa a jiki, ke nunawa bai kusanci iyakar ba ko kaɗan. Mai aikin gashi ma ba ya cikin ɗakin lokacin da inji ke aiki, yana waje yana kallo ta talabijin. Abin da ke taɓa haihuwa sai haske mai yawa ƙwarai da ya faɗa kai tsaye a kan gaɓoɓin, irin wanda majinyacin gashi ke samu, ba irin na ma'aikaci ba. In ma'aikaciya ta samu ciki ta sanar da wuri, a tsara mata aiki yadda ɗan cikin ba zai wuce mSv 1 ba har ta haihu, a janye ta daga tiyata da ɗakin da ake haska mutum ana kallo.

Kariya uku ce: rage lokaci, ƙara nisa, sa shamaki. Nisa ya fi arha. Ka ninka nisanka, abin da ke iso ka ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Rigar dalma kaurinta milimita 0.25 zuwa 0.5, rataye ta ake yi, in aka naɗe ta dalmar tana tsagewa a ciki ido bai gani, sai an haska ta a duba. Wanda ke cutuwa shi ne mai riƙe yara da hannunsa kullum ana ɗauka. Wannan aikin ɗan'uwan majinyaci ne, a sa masa riga, kuma ba mai ciki ba.

Sakina (Sawaba):
Malam, to shimfiɗa wa majinyaci dalma a mara fa? Wasu malamai suna cewa dole, wasu sun ce an daina.

Malam Usmanu (Moshi Zango):
Duka biyun suna da tushe. Shekaru da yawa haka ake koyarwa. A 2019 ƙungiyar masana fiziks na asibiti ta Amurka ta ce a daina yi a matsayin al'ada, saboda dalmar tana rufe abin da likita ke son gani a sake hoto, kuma in ta hau kan ma'aunin da ke yanke haske da kansa, injin sai ya ƙara wuta. Hasken da ke watsuwa a cikin jiki kuma dalmar waje ba ta tare shi. Ɗalibi ya san hujjar, ya bi ƙa'idar asibitin da yake. Abin da babu saɓani a kansa shi ne matse hasken ya tsaya kan wurin da ake so kawai.

Hajiya Rabi (Tafo):
Ni a nan ina da ja kaɗan, Malam. Inda tsohon inji yake, fitilar nuna fili ta goce da hasken, ba a auna ta ba shekara da shekaru, ba zan yi saurin ce wa yaro ya ajiye dalma ba. A fara gyara injin. Kuma akwai wata cuta da injin kwamfuta ya kawo wadda ta fi wannan. Da, in ka cika wuta fim ya ƙone baƙi, kowa ya ga laifinka. Yanzu kwamfuta tana gyara hoton ya yi kyau, sai ma'aikaci ya riƙa ƙara mAs don kada hoto ya yi yashi-yashi, majinyaci yana shan ninki ba wanda ya lura. Makarantar kirki tana koya wa yaro karanta lambar da ke nuna yawan hasken da ya isa allo a kowane hoto. Tana koya masa cewa ƙara kV da kashi 15 cikin 100 daidai yake da ninka mAs, kuma in ka matsa daga santimita 100 zuwa 180 sai ka ninka mAs sau uku da ɗan ɗori, 5 ta koma kusan 16.

Malam Habibu (Asawase):
Allah ya saka da alheri. To uba ya je makarantar, ban da takardu biyu, me zai ce a nuna masa?

Bashiru (Sabon Zango):
Malam, ya ce a kai shi ɗakin gwaji. Ya ga injin eksire mai aiki, ba gawa ba, da lasisinsa daga NRA, hukumar da dokar 895 ta 2015 ta ɗora wa kula da duk abin da ke fitar da haske irin wannan. Ya ga gunkin roba mai ƙashi a ciki da ake koyon ɗauka da shi, don haramun ne ɗalibai su haska junansu don koyo. Ya tambayi malamai nawa ne na dindindin masu lasisin aikin, don wasu makarantu sunayen ma'aikatan asibiti suke jerawa, mutanen da ke zuwa Asabar kawai. Ya nemi littafin da ɗalibin shekara ta uku ke rubuta hotunan da ya yi da sa hannun mai kula da shi. Littafin nan ba ya ƙarya: in ƙirji da hannu ne kawai a ciki, babu ƙwarya, babu gadon baya, babu CT, babu tiyata, an gane inda aka tsaya.

Shawarata ga mai son gashi amma bai samu gurbi kusa da inji ba, ya yi layin hoto a makaranta mai izini. Guraben aikinsa sun fi yawa, asibitocin kuɗi da wuraren sikanin suna ɗauka yayin da ake jiran na gwamnati, wanda yakan ja lokaci. Mai ƙarfi a lissafi kuma akwai karatun fiziks na asibiti a makarantar nukiliya da ke Kwabenya bayan digirin farko.

Alhaji Tanko (Aboabo):
A ƙara da kuɗin da ba a rubutawa a takardar shiga: motar zuwa asibiti kullum, in kuma an tura yaro wani gari, haya da abinci na makonni. A tambaya tun farko wa ke biya.

Hajiya Rabi (Tafo):
Da bajon awo, Alhaji. Kowane ɗalibi da zai shiga asibiti ya samu nasa da sunansa, ba na aro ba, ba ɗaya ga mutum uku ba. Ana maƙala shi a gaban jiki tsakanin ƙirji da ƙugu, ƙarƙashin rigar dalma in bajo ɗaya ne, ba a barin sa a ɗakin hoto ko a mota cikin rana, kuma ana mayar da shi a karanta a kan lokaci. Cibiyar kare mutane daga haske ta hukumar makamashin nukiliya a Kwabenya tana wannan aikin. Uba ya ce a nuna masa sakamakon karatun bajon ɗaliban bara. In makarantar ta kawo takardar da sunaye da lambobi, a ci gaba da maganar kuɗi. In ta ce asibiti ne ke kula da wannan, a je asibitin a tambaya kafin a biya ko sidi ɗaya.